Darasin Da Muka Ɗauko Daga Bakin Dajin Falgore Bayan Gobara

Jawabin da aka gabatar a taron reshe, a madadin malaman firamare na yankin Madabo



 Abin da muka zo da shi yau magana ce ta daji da wuta da furanni. Wani zai ce me ya haɗa malamin cikin badala da daji? Muna roƙon a yi mana haƙuri a saurare mu, domin maganar daga cikin aji ta taso, kuma cikin aji za ta koma.

A zangon farko na wannan shekarar karatu mun yi wa 'yan aji biyar wata 'yar tambaya a darasin kimiyya. Muka ce kowa ya rubuta sunan itatuwa ko tsirrai goma da ya sani. Yara sun haura 80 a ajin, amma waɗanda suka cika goma ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Mangwaro da gwaiba da darbejiya da turare su ne suka cika takardun, kuma duk huɗun baƙi ne, daga wasu ƙasashe aka kawo su. Muka tambaye su ma'anar kurmi, suka amsa baki ɗaya cewa kasuwa ce. Muka ce rawaya fa? Suka ce launi ne. Ba wanda ya san cewa kurmi daji ne mai duhuwa, ko kuwa rawaya tsiro ce da launin ya ari sunanta. Yaran nan kullum suna jin Ɗorayi da Kurna da Giginyu da Durumin Iya da Rimin Kira, ba su taɓa lura cewa sunayen itatuwa suke ambata ba.

Mun yi dariya a ofis ranar, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Da muka juya tambayar a kanmu, sai ga shi a cikinmu, mu masu takardar kwalejin ilimi, babu wanda ya taɓa ganin rawaya a inda take tsirowa. Wasunmu sun shekara 20 suna rubuta illolin ƙona daji a kan allo, guda uku ko huɗu kamar yadda littafi ya jera su, yara su haddace su zuba a jarrabawa, alhali ba mu taɓa taka ƙonannen daji da ƙafarmu ba.

Allah da ikonsa, a tsakiyar watan Fabrairu mahaifin wani abokin aikinmu ya rasu a ƙauyensu da ke bakin dajin Falgore. Mu bakwai muka yi mota ranar Asabar don ta'aziyya. Muka bi hanyar Zariya, muka karkata a Kwanar Ɗangora, muka wuce Tudun Wada. Ga wanda bai san wurin ba, dajin Falgore yana kudancin jiharmu, tafiyar kusan kilomita 150 daga birni, ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, faɗinsa ya doshi murabba'in kilomita 1,000. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi da sunan gandun dajin Kogin Kano, daga baya aka mai da shi wurin kare namun daji.

Bayan mun yi gaisuwa mun ci abinci, sai muka hangi bayan gari baƙi ƙirin har iyakar ganin ido. Aka ce mana wuta ce ta ci wurin mako biyu da suka wuce. Muka nemi a kai mu mu gani. Da sanin mai unguwa aka haɗa mu da wani dattijo, tsohon maharbi, wanda ya ce zai bi da mu ta burtalin da ya raba gonaki da bakin daji, amma ba zai shiga da mu ciki ba, saboda dokar gandu da kuma halin tsaro da kowa ya sani.

Abin da ya fara tarbar mu shi ne ƙauri. Ƙasa ta yi baƙi, toka tana tashi duk inda muka sa ƙafa, kafin mu yi nisa fararen kayanmu sun sauya kama. Ba kukan tsuntsu, ba motsin ƙadangare. Muka ga amya biyu a kan wata ɗorawa sun ƙone sun rufto. Muka ga kwanson katantanwa da ƙashin bushiya. Dattijon ya nuna mana wani fili a gefen gona inda aka tara karan dawa da harawa na abincin dabbobi har zuwa damina, babu abin da ya rage sai da'irar farar toka. Ya ce masu neman gafiya da zomo ne suka sa wutar, iskar hunturu ta ƙwace ta daga hannunsu. Ɗayanmu ya ce, "Baba, ai wannan wuri ya mutu." Dattijon bai amsa ba, sai ya ci gaba da tafiya.

Ba mu yi taku ɗari ba ya tsaya ya nuna ƙasa da sandarsa. Ga wani fure nan kwance a kan toka, faɗinsa ya kusa tafin hannun yaro, mai kunnuwa biyar, launinsa kamar an zuba garin ɗorawa a kan gawayi. Ba ganye, ba reshe, kai ka ce wani ne ya tsinko shi ya ajiye. Da muka ɗaga kai sai muka ga ashe ba ɗaya ba ne, sun bazu ko'ina a gangaren. Ya ce, "Malamai, ga rawaya." Ya sa wuƙa ya tona gefen ɗaya, sai ga saiwa mai kauri, ya ɓantaro kaɗan, cikinta ya rina masa yatsu. Ya ce da ita iyayensu suke rina zane, kuma masu magani suna ba da ita ga mai shawara. Ganyenta sai damina yake fitowa. Furen kuwa yanzu ne lokacinsa, da rani, a bayan wuta, ba tare da ɗigon ruwan sama ba.

Daga nan idonmu ya buɗe. Kowane gindin gamba da muka ɗauka gawayi ne, da muka sunkuya sai muka ga koren toho ya huda tsakiyarsa kamar allurai. A wani kwari tofa ta riga ta tsiro. Kaɗanya tana tsaye, ɓawonta mai kauri da tsage-tsage kamar bayan kada ya yi baƙi daga waje, amma da dattijon ya kankare shi sai ga ciki ja, da ɗanshinsa. Gurjiya ba ganye ko ɗaya, ragowar jajayen furanninta na zube a gindinta. Sansami ya lulluɓe da fure mai ruwan hoda. Maje ya fara fitar da sabon ganye ja mai sheƙi. Wurin da muka yanke wa hukuncin mutuwa, ashe ransa yana nan, mu ne ba mu iya dubawa ba. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Da muka dawo gida mun bi littattafai don mu fahimci abin da muka gani, kuma bayanin ba mai wuya ba ne, ɗan aji huɗu zai gane shi. Wutar ciyawa tana da sauri, zafinta sama yake tashi, ƙasa kuwa ba ta saurin ɗaukar zafi. Abin da ke binne ƙasa da tsawon yatsa sau da yawa wuta takan wuce ta bar shi lafiya. Tsirran dajinmu sun daɗe suna zama da wuta, saboda haka kowanne da dabararsa. Rawaya da albasar kwaɗi suna ajiye abinci da ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Gamba tana ɓoye idon tsironta a tsakiyar gindi. Kaɗanya da gurjiya sun sa sulke na ɓawo. Taura da kalgo da gwandar daji, ko an ƙone su ƙurmus, daga saiwa suke sake tasowa. Wasu irin kuma zafin ne yake fasa musu taurin ɓawo su samu shan ruwa. Har ma a shekarar 2004 masana a yammacin Ostareliya sun gano wani sinadari a cikin hayaƙi wanda yake tayar da irin wasu tsirrai daga barci.

To, a nan ne ɗayanmu ya yi saurin yanke hukunci na biyu. Ya ce, "Baba, ashe wuta ba ta ɓarna, tunda ga fure." Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Malam, kada fure ya ruɗe ka. Rawaya ba ta tsoron wuta, amma daji ba rawaya kaɗai ba ne. Duba itatuwan nan, ka nuna mini jikokinsu." Muka duba. Manyan kaɗanya da ɗorawa suna nan, amma babu ƙanana a tsakaninsu, babu mai tsawon mutum, babu mai kaurin taɓarya. Ya ce wannan gefe kusan kowace shekara sai an ƙone shi a tsakiyar rani, lokacin da ciyawa ta bushe ƙayau. Duk ɗan icen da ya tsiro da damina, kafin ya yi ɓawon da zai kare shi wuta ta kwantar da shi. Ya sake tohowa, ta sake kwantar da shi, har ƙarfin saiwar ya ƙare. Ya ce, "Ran da tsofaffin nan suka faɗi, ko masu gawayi suka kayar da su, shi ke nan."

Sai ya tsallaka da mu wani rafi zuwa inda wuta ta bi tun ƙarshen kaka, sa'ad da ciyawa ke da sauran ɗanye, raɓa kuma tana sauka da dare. Bambancin a fili yake. A can wutar tsalle-tsalle ta yi, ta ci nan ta bar can, ta mutu da kanta da yamma. Akwai kumfar ciyawa da ta tsira inda fakara da zomo za su fake, akwai 'yan itatuwa matasa da ganyensu, har da marke, wanda ya ce ba ya jure wuta. Kuma da babbar gobarar Fabrairu ta iso nan ba ta samu abin ci ba, a nan ta tsaya.

Abin da dattijon nan ya sani da ido, masana sun tabbatar da shi da gwaji na shekaru masu yawa. A shekarar 1929 aka fara irin wannan gwaji a gandun dajin Olokemeji, tsakanin Ibadan da Abekuta. A shekarar 1936 wani Bafaranshe masanin gandun daji mai suna Aubréville ya fara nasa a Kokondekro, kusa da Buwake a ƙasar Kwaddibuwa. An raba fili uku: ɗaya a ƙone shi a farkon rani kowace shekara, ɗaya a ƙarshen rani, ɗaya kuma a hana wuta shiga sam. Bayan shekaru, filin wutar ƙarshen rani ya koma ciyawa da tsirarun itatuwa, filin wutar farkon rani ya riƙe itatuwansa, wanda aka tsare kuwa ya rufe ya zama kurmi. Ke nan ba a yi wa wuta kuɗin goro. Ana tambayar yaushe ta zo, da wane ƙarfi, kuma sau nawa.

Akwai kuma asarar da ido ba ya gani. Gaskiya ne toka tana da amfani, iyayenmu mata da ke tace ruwan toka sun san da gishiri a cikinta, shi ya sa toho yake yin kore shar a bayan wuta. Amma sinadarin naitirojin, wanda manomi ke saye da tsada a buhun yuriya, mafi yawansa hayaƙi yake bi ya tafi. Busasshen ganyen da zai ruɓe ya zama taki, ya ciyar da tana da gara, ya tafi. Ƙasa ta zauna tsirara, iska ta kwashi tokar, ruwan farko ya wanke saura. An ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Mu dai ba mu ga inda tokar Falgore ta yi kuɗi ba.

A farkon watan Yuni, bayan ruwa ya sauka sau uku, mu huɗu muka koma, muka bi burtalin nan dai tare da dattijon. Da ƙyar muka gane wurin. Baƙin ya ɓace, ciyawa ta kai ƙwauri. Rawaya ta yar da fure ta fitar da ganye mai yatsu, da bai nuna mana ba da mun wuce ta. A bakin fadama albasar kwaɗi ta yi fure fari mai ratsin ja, sauran furen gauɗe yana ƙamshi, kalgo da taura sun taso daga kututture, ƙudan zuma suna ta kai da kawowa. Mun ji daɗi ƙwarai. Amma a gefen da aka ƙone a Fabrairu mun ga abin da ciyawa ba ta iya rufewa ba: ruwa ya yanka ƙananan kwazazzabai a gangaren, yana kwasar jar ƙasa zuwa rafi. A ɗaya gefen ba mu ga haka ba.

'Yan uwa malamai, wannan rafi ba a can ya tsaya ba. Rafukan dajin Falgore Kogin Kano suke faɗawa, Kogin Kano ya cika madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a shekarar 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga wannan ruwa ake noman rani a Kadawa da Kura, daga wannan kogi matatar Tamburawa take ɗiban ruwan da ake turo wa birni. Ƙasar da ta zaizaye daga ƙonannen gangare a gindin dam take kwanciya. Haka kuma buhun gawayin da ake saukewa a lungunanmu kullum, daga irin waɗannan itatuwa yake fitowa. Yaron Madabo da bai taɓa ganin daji ba yana cin tumatirinsa, yana shan ruwansa, ana dafa masa tuwo da itacensa. Shi ne kuma gobe zai zama kansila ko ma'aikacin gandun daji ko dillalin gawayi. Doka tana nan, domin tun shekarar 2011 Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idojin hana ƙona daji barkatai a ƙarƙashin hukumar NESREA. Sai dai doka ba ta tsare abin da mutane ba su san darajarsa ba, mutum kuwa ba ya jin zafin rasa abin da bai san ko sunansa ba.

Kada kuma mu ɗauka gyara ba ya yiwuwa. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna hanya. Tun daga shekarar 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo tare da manoman yankin suka lura cewa 'yan kumfar da ake sassabewa a ƙone kowace bazara ba ciyayi ba ne, tohon kututturen itatuwa ne masu rai a ƙasa. Suka koma zaɓen reshe mai ƙarfi su bar shi, su rage sauran, su kare shi daga wuta da dabba. Suna kiran abin sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar, ba tare da an dasa su ba. Abin da ke ƙasa ne aka ba dama ya taso.

Saboda haka muna gabatar wa wannan reshe shawarwari huɗu, waɗanda babu mai bukatar kuɗi masu yawa a cikinsu.

Na farko, mu gyara yadda muke koyar da darasin ƙona daji. Jeren illoli kaɗai bai wadatar ba. Mu koya wa yara yadda tsiro yake tsira daga wuta, da abin da ya bambanta wutar kaka da ta tsakiyar rani, da dalilin da ya sa daji mai tsofaffin itatuwa zalla yake cikin haɗari. Yaron da ya fahimci dalili ya fi wanda ya haddace jeri.

Na biyu, kowace makaranta ta buɗe littafin sunayen tsirrai. A ba yara aikin gida su tambayi kakanninsu suna ɗaya da amfaninsa, su je wurin masu sayar da saiwoyi da sassaƙe a Kasuwar Kurmi, wadda take nan kusa da mu, su gani su taɓa su shinshina. A shekarar 1916 wani likita Bature mai suna Dalziel ya buga littafi guda na sunayen tsirrai da Hausa, kuma daga bakin kakanninmu ya tattara su. Abin kunya ne a ce jikokinsu ba su iya kawo goma ba.

Na uku, mu fitar da yara daga aji ko da sau ɗaya a zango. Ba mu ce a kai su Falgore ba, halin tsaro da nisa ba su ba da wannan dama yanzu ba. Amma Dutsen Dala yana nan a bayanmu, da damina tsirrai suna fitowa a tsagoginsa. Ga Goron Dutse, ga gidan namun daji na Audu Baƙo da itatuwansa. Da izinin hukuma da yardar iyaye a rubuce, tafiyar awa biyu ta isa. A harabar makaranta ma akwai darasi: mu daina cinna wa sharar ganye wuta kowace safiya, mu haƙa rami mu binne ta ta zama taki, yara su kwatanta abin da ya tsiro a wurin takin da abin da ya tsiro a tsohon wurin ƙuna.

Na huɗu, reshe ya shirya wa malamai kansu irin wannan fita sau biyu a shekara, ɗaya da rani ɗaya da damina, zuwa wuri guda, bisa shawarar jami'an gandun daji da masu unguwanni, tare da dattijon da ya san wurin. Gani ya kori ji. Malamin da bai gani ba, abin da ya ji kawai zai maimaita, kamar yadda muka shekara muna yi.

Da za mu rabu da dattijon nan a watan Yuni, mun tambaye shi ko a cikin 'ya'yansa akwai wanda ya ɗauki wannan sani. Ya ce duk suna birni, ɗaya yana tuƙa adaidaita sahu, biyu suna kasuwa, jikokinsa kuma suna makarantar firamare a cikin gari. Ya ce, "Suna hannunku, Malamai." Ba mu san a wace makaranta suke ba. Mai yiwuwa suna ajin ɗaya daga cikin waɗanda ke zaune a nan.

Ya ba mu guntun saiwar rawaya, mun kai ta aji biyar, mun jiƙa ta a kofi, yara sun tsoma farin ƙyalle sun ga yadda ya rine. Washegari wata yarinya ta zo da sunaye 14 da kakarta ta faɗa mata, shida daga ciki mu kanmu ba mu san su ba. Ga ragowar saiwar nan mun zo da ita, za mu ajiye a teburin sakatare, duk mai so ya ɓantari kaɗan ya kai wa ajinsa.

 Inda muka yi kuskure a gyara mana. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dazuzzukanmu da yaranmu.